Wa Zai Zo Nemanka, Egya Panyin?

Duk wanda ya tambayi Egya Ebo Panyin, wato Baba Ebo Panyin, inda ya kamo kifinsa, amsa ɗaya yake samu: "A ruwa." In ka matsa masa, sai ya ɗaga haɓa ya nuna gabas, kai kuma in kana da hankali ka san daga yamma ya fito. Ba ma kiran wannan ƙarya a garinmu. Kowane masunci yana ɓoye wurin kamunsa, kowa yana yi, kowa ya san ana yi. Sai dai shi Panyin ya kai abin wani matsayi, har ya sa aka rubuta a jikin kwale-kwalensa da jan fenti: Baki Shi Ke Yanka Wuya.

Ranar Talata aka haife shi, shi da abokin tagwaicinsa Ebo Kakra, ranar da ba a shiga teku. Shi ya sa ubansu Egya Bentsil yana gida yana ɗinkin raga aka kawo masa albishir biyu a jere. Tare suka koyi iyo, tare suka koyi ɗaura ƙugiya, tare suka sha bulala ranar da suka kwance kwale-kwalen wani don su ga ko zai san hanyar gida. Da suka haura shekara ashirin, idon tsohon ya fara gazawa. Wata safiya ya ɗauki Panyin shi kaɗai, ya bar Kakra a gaɓa. Suka yi tafiyar awa biyu, sannan ya ce a kashe inji. Ya ce wa ɗansa ya juya ya dubi tudu, ya nuna masa abubuwa uku da in suka jeru a layi ɗaya, to akwai dutse a ƙarƙashinka, kuma a jikin dutsen jan kifi ne kwance, manya-manya, irin wanda matan birnin Oguwa ke rububi a kai. Ya ce kakansa ne ya gano wurin, kuma a kowane zamani mutum ɗaya tak ake nuna wa. Me ya sa Panyin, ba Kakra ba? Tsohon bai faɗa ba, har ya koma ga Ubangijinsa.

Da dutsen nan Panyin ya auri Aba Mansa, da shi ya gina mata murhun banda guda huɗu, da shi ya raini 'ya'ya bakwai. Uku daga cikinsu, manyan maza masu iyali, su ne ma'aikatan kwale-kwalensa, amma ko su ba su san wurin ba. In za a je, sai ya yi ta zagaye da su har kansu ya juye, in an isa kuma ya ce kowa ya sa ido a kan ƙugiyarsa, wanda ya dubi tudu zai koma gida da iyo. Yakan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wata asuba, ya waiwaya ya hango kwale-kwalen Kakra, mai suna Sannu Ba Ta Hana Zuwa, yana bin sa daga nesa. Ya karkata hagu, aka karkata. Ya rage gudu, aka rage. Sai da aka yi kusan awa guda a haka, sannan na bayan ya juya ya kama gabansa. Ranar Panyin bai je dutsen ba. Da suka dawo gaɓa, a gaban mata da robobinsu, ya dubi ɗan'uwansa ya ce ashe ɓarawon a cikin gida yake. Kakra ya ci gaba da naɗe igiyarsa. Tun daga ranar magana ba ta sake shiga tsakaninsu ba, alhali a gidan ubansu suke zaune kamar sauran maza, ƙofa na kallon ƙofa, matansu na kawo musu dokunu, tuwon masararmu, da barkono daga gidajensu suna ajiyewa a kan dakali ɗaya. In rufin gidan yana yoyo, sai Panyin ya ce wa bango, "A gaya wa mai ɗakin can ana bukatar kwano biyu." Bangon kuma yana isar da saƙo, don washegari za a ga kwanon.

Kada a ɗauka mutum ne mai gudun sabon abu. Panyin ɗan bin diddigi ne na ƙarshe. Ya taɓa kwance rediyon Aba Mansa don ya ga inda mai labarai yake zama, ya mayar da komai ya rage kusoshi biyu, rediyon kuma ta ci gaba da magana, abin da har yau yake damunsa. Da wayar hannu ta shigo, yana cikin na farko da suka saya. Bai iya karatu ba, sai ya sa aka liƙa wa kowane suna hoto: matarsa kifi, sarkin masunta sanda, mai gyaran inji sifana. Yakan nannaɗe ta a leda biyu, ya jefa ta a gwangwanin madara, ya rufe.

Ya kuma lura da abin da ta yi wa gaɓar tamu. Da, mata ne ke tsayawa da robobi suna duban ruwa, su karanta yadda kwale-kwale ya nutse su san ko ya ɗauko kaya. Yanzu suna gida ake kiransu, wuta ma ta kama kafin a iso. Maza kuma suka koyi sabuwar sana'a, ƙarya ta waya. Za ka ji mutum yana cewa abokinsa, "Nan babu ko ƙaya, kada ka ɓata manka," alhali kifi na ta fal-fal a gindin ƙafarsa, ya toshe bakin wayar da tafin hannu. Panyin ya so waya ƙwarai, don abin da ka gaya mata shi kaɗai take faɗa.

Sai shekarar da injin wani kwale-kwalen garin maƙwabta ya mutu a tsakiyar ruwa, aka kwana huɗu ana nema, aka samu biyu daga cikin mutanensa ba rai. Bayan wata shida Araba ta zo. 'Yar Maame Ekuwa ce mai banda, a cikin hayaƙin kifi ta girma, ta yi karatu a Kumasi, tana aiki da wasu masu ƙera manhajar waya. Ranar Talata aka taru a rumfar sarkin masunta, ta ɗaga wayarta ta nuna mana teku shuɗiya a kan gilashi, kowane kwale-kwale ɗigo ne mai launin tutarsa. Kowa yana ganin kowa. In wani ya shiga uku, ya danna ja, na kusa da shi su kai ɗauki. Nana, sarkin masuntan, ya yaba, mata suka yi tafi, aka jera wayoyi a gabanta tana sakawa.

Panyin ya ɗaga hannu. "'Yata, wannan ɗigon yana barci?"

"Ba ya barci, Egya."

"Yana ƙarya?"

"Ba ya yi."

"To wa zai iya zama da wanda ba ya barci kuma ba ya ƙarya?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Kafin a tashi an raɗa wa abin suna Idon Ƙaguwa.

Makon farko, duk wanda ɗigonsa ya daɗe a wuri ɗaya sai ya ga jama'a sun nufo shi. Kwamena Otu ya tsaya warware igiyar da ta sarƙe masa, kafin ya ɗago kai kwale-kwale goma sha biyu sun kewaye shi sun zuba ƙugiya, ya rantse musu babu komai, rantsuwar ta ƙara musu tabbaci. Mako na biyu ɗigogin suka fara hawa tudu, don maza sun koma barin wayoyinsu in za su shiga ruwa. Na Panyin ya tare a rumfar bandar Aba Mansa. Wani ya ba direban motar Takoradi wayarsa ya yi yawo da ita. Araba tana zaune a Kumasi ta ga kwale-kwalen garinmu guda ɗaya ya kwana uku yana kamun kifi a bayan coci.

Abin dariya ne, amma ba na dariya ba ne. Da, ko ba komai, akwai waya a cikin kowane kwale-kwale. Yanzu abin da aka kawo don ceto ya sa maza sun koma shiga teku hannu rabbana, mata kuma sun koma tsayuwa da robobi suna duban ruwa. Aba Mansa ba ta ɓoye fushinta ba.

"Maigida, kwale-kwalenka na nan a bayan murhuna yana shan hayaƙi. In ya gasu in sayar?"

"Ki bar shi, yana hutawa."

"Ran da teku ta riƙe ka, dutsen naka ne zai zo ya gaya mini?"



Da Araba ta dawo, mun zaci faɗa za ta yi, irin na 'yan boko in an ƙi abin da suka kawo. Sai ta nemi kujera 'yar tsugunno, ta yi Talata uku tana zaune cikin masu ɗinkin raga, tana tambaya ba ta gajiya. A ta ukun ta iso wurin Panyin. Shi ya fara yi mata tambaya, don abin ya daɗe yana cin sa: ta yaya ɗigon ya san inda mutum yake, alhali ba ya ganin tudu? Ta ce akwai taurarin ɗan'adam a sama, waya tana auna nisanta da guda uku ko huɗu, inda awon ya haɗu nan take. Panyin ya ajiye allura.

"Uku? Ashe su ma uku suke jerawa."

"Su wa kuma, Egya?"

"Ba kowa. Ci gaba."

Ta yi murmushi, ba ta bi ta kai ba. Ta ce kuskurenta ne. Ta zaci abin da masunci ya fi tsoro shi ne ɓata, ashe ya fi tsoron a gan shi. "Ni 'yar mai banda ce, Egya, kifi a mace nake saninsa. In injinka ya mutu a can, wa kake so ya sani?"

"Babu kowa."

"To wa ka san zai zo?"

Panyin ya ɗauki allurarsa ya ci gaba da ɗinki, ita kuma ta rubuta wani abu a littafinta.

Bayan wata biyu ta dawo da Idon Ƙaguwa an ƙwaƙule masa ido. Babu taswira, babu ɗigon kowa. Tambaya ɗaya kawai yake yi: wa zai zo nemanka? Ka zaɓi mutum ɗaya mai kwale-kwale, wanda ba a cikin naka yake aiki ba. Ba zai ga inda kake ba ko sau ɗaya, sai ran da ka danna ja, ko rana ta faɗi ba ka dawo ba. Wannan karon ba a yi tafi ba, amma wayoyi suka fara komawa ruwa. Mun kuma ga abin mamaki, don sai yanzu aka san wa ya yarda da wa. Akwai aminan da ke shan giya tare kullum da ba su zaɓi juna ba, akwai wanda ya zaɓi surukin da yake zagi safe da yamma.

Panyin ya yi mako biyu yana juya tambayar. Ya ce zai sa Aba Mansa, aka ce ba ta da kwale-kwale, ita kuma ta ce ko tana da shi ba za ta karɓa ba, tunda ya ce bakinta ba shi da marfi. Nana ya tsufa, rabonsa da ruwa shekara tara. Kwamena Otu zai zo kam, amma da ƙugiya ɗari zai zo. Duk sunan da ya ɗaga sai ya hango mai sunan zaune a kan dutsen kakansa yana jan kifi. Suna ɗaya ne kawai in ya tuno shi yake ganin mutum tsaye a goshin kwale-kwale yana dube-dube, kuma sunan nan ne ba ya iya furtawa. Aba Mansa ta kawo gwangwanin madarar ta dire a gabansa, ta ce daga yau wanda bai da mai nema bai da mai gasa masa kifi.

Daga ƙarshe ya samo dabara, kuma ya ji daɗin kansa. Zai sa Kakra a ɓoye. Wa zai sani? Waya ba za ta buɗe baki ba sai ranar wuya, ranar wuya kuwa babu kunya. Wata Laraba da la'asar ya kira Araba gida, ya zaunar da ita a bakin ƙofarsa, ya rage murya ya ce ta nemo masa mai ɗakin can. Ta nemo lambar, ta ce shi zai danna da yatsansa. Ya danna.

A ɗaya gefen tsakar gidan, cikin aljihun rigar da ke rataye a ƙusa, wata waya ta yi ƙara. Sannan muryar mace ta fito tar da harshenmu, don Araba ta san yawancinmu ba ma karatu: "Egya Ebo Panyin ya zaɓe ka ka zama mai nemansa in teku ta riƙe shi. In ka yarda, danna kore. In ba ka yarda ba, danna ja." Matar Kakra tana ajiye kwanon abinci, ta tsaya a sunkuye. Kakra yana wanke ƙafa, ya tsaya da buta a hannu. Har maƙwabta sun ji ta kan katanga.

"Ba ki ce zai gaya masa ba," in ji Panyin, murya can ƙasa.

"Egya, ta yaya za a ɗora wa mutum kaya irin wannan ba a tambaye shi ba?"

Kakra ya ƙarasa wanke ƙafarsa, ya shiga ɗaki, bai danna komai ba.

Kwana shida wayar Panyin tana nuna masa wata 'yar da'ira mai juyawa, alamar jira. Yakan buɗe gwangwanin ya duba kafin ya ci abinci, ya duba bayan ya ci. Gari kuwa ya samu abin taunawa. In ya wuce, sai ka ji wani ya ce, "Egya, an danna?" wani ya ce, "Ka kai goron neman aure ne tukuna." Duk makon bai je dutsen ba, ya yi ta kamun ƙananan kifi a kusa. Kuma a nan ne ya gano wani abu da ya ba shi mamaki fiye da kusoshin rediyo: ya daina tunanin dutsen kwata-kwata. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada ɗan'uwansa ya danna ja. Shekara sittin da uku a duniya bai taɓa roƙon kowa komai ba, ga shi wata na'ura ta yi roƙon a madadinsa, a gaban mata, da kalmomin da shi ba zai taɓa haɗawa ba, kuma ya rasa kalma ɗaya a ciki da zai ce ƙarya ce.

Ranar Talata ya shimfiɗa ragar kamun ƙananan kifin da ake sa wa ƙugiya a ƙarƙashin bishiyar kwakwa, nesa da mutane. Yana cikin ɗinki inuwa ta faɗo a kan ragar. Kakra ya zauna a ɗaya bakin, ya jawo inda ya yage, ya maƙale da babban yatsan ƙafarsa kamar yadda ubansu ke yi, ya zaro allura daga bayan kunne. Ya kama ɗinki.

"Matar nan taka ta cikin waya ta hana ni sakat," in ji Kakra. "Kullum da safe sai ta tambaye ni."

"Ba ni na aike ta ba."

"Na sani. In kai ne, da sai an binne mu."

Panyin ya ƙulla, ya yanke zare da haƙori.

"In na danna kore," Kakra ya ce, "zan ga dutsen?"

"Sai ran da na kira."

"To Allah ya sa in mutu ban gan shi ba."

Maganar ta shiga Panyin har ƙashi. Sai ya ji bakinsa ya yi abin da ya hana shi shekara goma sha ɗaya. "Kakra, asubar nan, me ka je nema a bayana?"

"Injinka. Tun daga gaɓa na ji yana tari. Na ce in bi ka har ya daidaita. Da ya daidaita na juyo."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ka tambaya? Ɓarawo ka ce, a gaban mata."

Panyin ba ya mantuwa a kan inji. Ya tuna makon, ya tuna tarin, ya tuna ranar Alhamis ɗin da ya canza fulogi ya jefar da tsohon a bayan gida. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta barin mutum ya ce a yi haƙuri, don kalmar ta yi ƙanƙanta. Allurar ta zame daga hannunsa cikin yashi, bai neme ta ba.

Kakra ya ciro wayarsa, ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya tsuke ido. "Idon Baba na gada. Wanne ne koren?"

Panyin ya kama yatsan ɗan'uwansa ya ɗora a kai. Daga cikin gwangwanin madara, ta cikin leda biyu, muryar matar ta fito a dushe: "An karɓa. Ebo Kakra zai zo nemanka."

"Ji ta," in ji Kakra, yana laluben allurar a cikin yashi. Ya samo ta, ya hure, ya miƙa wa Panyin. "Sai ka ce sabon labari ta kawo."